Hasken Falo: Yadda Ake Tsara Fitilu Zama Ya Yi Daɗi

Akwai falon da aka kashe wa kuɗi har ya gaji: kujeru na gani na faɗa, labule har ƙasa, kafet mai laushi, talabijin ta cinye rabin bango. Amma da an idar da sallar isha sai kowa ya sulale ɗakinsa da waya a hannu, baƙo kuwa bai gama shan ruwan da aka kawo masa ba ya fara cewa "bari in koma." Ba kasafai ake zargin fitila ba, alhali sau da yawa ita ce mai laifin. Ƙwai ɗaya fari tas a tsakiyar silin, ko goma sha biyu a jere cikin POP, duk a kan makunni ɗaya, suna kwararo haske daga sama kamar ɗakin tiyata. Wannan hasken ya dace da mai neman allurar da ta faɗi. Wanda ya zo miƙe ƙafa ya yi hira kuwa, takura shi yake yi.

Gyaran bai kai wahalar da ake zato ba. A rage wa silin aiki, a sauko da haske kusa da inda mutane ke zaune, a canza launinsa, a raba makunnai. Ko wanda ke gidan haya zai iya yin mafi yawan wannan ba tare da ya fasa bangon mai gida ba.

Mataki na farko: ku zauna cikin falon da dare

Kafin a sayi komai, ku zaɓi daren da akwai wuta, ku kunna fitilun yadda kuka saba, kowa ya zauna a mazauninsa. Daga inda kuke, kuna hango ƙwan da kansa? Idan ido na faɗawa kan tsirarar fitila, ƙwayarsa tsukewa take yi, sai sauran ɗakin ya ƙara duhu a ganinku ko da hasken ya wadata. Sannan ku kalli fuskar wanda ke gabanku. Hasken da ke saukowa daga tsakar ka yana jefa inuwa a ramin ido, da ƙarƙashin hanci da haɓa, shi ya sa ake ganin gajiya a fuskar da babu gajiya a tare da ita.

Yanzu ku kashe duka. Ku ɗauki tocila ko fitilar waya, ku ajiye ta a kusurwa tana fuskantar bango, ku koma ku zauna. Ku matsar da ita bayan kujera, kan kabet tana kallon silin, gefen labule. Gani ya kori ji: nan take za ku gane wuraren da falon ke buƙatar fitila. Ku lura da inda soket yake kusa da kowanne, domin shi zai yanke hukunci daga baya.

Ku kuma lissafa abin da ake yi a falon. Hira, kallo da cin abinci suna son haske mai taushi. Karatun Alƙur'ani bayan asuba, aikin makarantar yara, kitso, lalle, guga da shara suna son haske mai ƙarfi. Falon yawancinmu yana ɗaukar duka biyun, don haka babu wanda zai ce ku cire babbar fitila ku jefar. Za ta zauna, sai dai ta daina zama ita kaɗai ce ake kunnawa.

Mataki na biyu: launin hasken

A jikin kwalin kowane ƙwan LED na kirki akwai lamba mai harafin K a ƙarshe. Ma'aunin launin haske ne, sunansa Kelvin. Lambar tana yin ƙasa hasken na karkata zuwa ja, tana yin sama yana karkata zuwa shuɗi. Harshen kyandir yana wajen 1900K. Tsohon jan ƙwan nan mai siririyar waya a ciki, wanda muka taso da shi, 2700K ne. Mai 3000K ya ɗan fi shi fari. Mai 4000K shi aka fi sa wa a ofisoshi. Mai 6500K kuwa shi ne farin nan tas da ya cika shagunanmu, ana rubuta masa "Daylight" a kwali. Abin da falo ke so da dare shi ne 2700K zuwa 3000K, wanda za ku ga an rubuta wa "Warm White".

Na san da yawa za su yamutsa fuska a nan, kuma suna da hujja. Tsohon jan ƙwai kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama, wanda ya taɓa zama ƙarƙashin mai wat 100 a watan Afrilu ba sai an ba shi labari ba. Ga kuma lokacin da wuta ta yi rauni, ƙwan ya koma ja dishi-dishi, sai jan haske ya zame mana alamar wutar da ba ta kai ba. Da farin ƙwai ya shigo sai aka rungume shi hannu biyu. Amma wancan lissafin ya wuce. Ƙwan LED, fari ko ja, asalinsa ɗaya ne: ɗan ƙaramin abu mai fitar da shuɗin haske, an lulluɓe shi da wani sinadari da ke juya launin. Bambancin a wannan lulluɓin yake. Mai wat 9 ja da mai wat 9 fari zafinsu kusan ɗaya ne, kuɗin mitarsu ɗaya ne.

Tun a 1941 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Holan, Arie Kruithof, ya nuna cewa idan haske ya yi kaɗan mutane sun fi jin daɗin mai ja-ja, farin kuwa idan ya yi kaɗan sai wuri ya yi fayau ba armashi. Masanan da suka biyo baya sun yi ta ja-in-ja kan iyakokin da ya zana, amma kowa zai iya gwada gundarin maganar a ɗakinsa: farin haske mai rauni yana sa falo ya yi kewa, jan haske mai rauni yana sa shi ya yi natsuwa. Akwai kuma batun barci. Haske mai ƙarfi mai shuɗi a cikinsa yana danne melatonin, sinadarin da jiki ke saki idan dare ya yi don barci ya zo. Gidan da yara ba sa kwanciya da wuri ya duba fitilarsa kafin ya ɗauki bulala. Wata ribar da ake gani da damina: ƙwari sun fi yin dafifi a kan farin haske mai shuɗi fiye da ja.

A nawa ganin, idan bangonku fari ne, ƙasa tayil, gari kuma mai zafi, ku sa 3000K a silin da bango, ku bar 2700K ga fitilun da ke kusa da kujeru. Wanda ya saba da fari tas zai ga 2700K ya yi masa ja da yawa a kwanakin farko, 3000K ya fi saurin shiga rai. Abin da ba ya kyau ko kaɗan shi ne a kunna 2700K da 6500K lokaci guda a ɗaki ɗaya: jan zai yi kamar ya yi datti, farin ya koma shuɗi. Kuma kada mai shago ya miƙo muku ƙwai mai fentin ruwan ɗorawa ko na lemo ya ce ai duk ja ne. Wancan na ado ne, yana kashe launin komai. Lambar K za ku nema.

Mataki na uku: yawan hasken

Mun saba auna ƙwai da wat, alhali wat wutar da yake sha ce. Hasken da yake bayarwa da lumen ake auna shi, ana rubuta shi "lm". Tsohon ƙwai mai wat 40 yana ba da kimanin lumen 450, mai wat 60 kimanin 800, mai wat 100 kimanin 1,600. LED mai wat 8 zuwa 10 ya isa ya ba da 800 ɗin.

Don zaman hira, ku yi lissafin lumen 100 zuwa 150 ga kowane murabba'in mita. Falo mai mita 4 da mita 5, wato kusan ƙafa 13 da 16, murabba'in mita 20 ne, yana son lumen 2,000 zuwa 3,000 gaba ɗaya. Idan fentin mai duhu ne ko silin ya yi tsawo a ƙara. Inda dabarar take shi ne kada wannan adadin ya fito daga wuri ɗaya. Ƙwai biyar masu lumen 450 a wurare biyar sun fi ƙwai ɗaya mai 2,250 daɗin zama nesa ba kusa ba, ko da yake jimillarsu ɗaya.

Mataki na huɗu: a sauko da haske ƙasa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kuɗinku zai fi nunawa. Falo madaidaici yana son fitilu uku zuwa biyar waɗanda ba a silin suke ba, kuma tsayinsu ya bambanta.

Ku fara da kusurwar da ta fi duhu, wadda gwajin tocila ya nuna muku. Doguwar fitila mai tsayawa a ƙasa, mai tsayin kimanin mita ɗaya da rabi, ta dace da nan. Bangon nan biyu da suka haɗu za su karɓi hasken su watsa shi, sai falon ya yi kamar ya ƙara faɗi. Sannan fitilar kan teburi a gefen doguwar kujera. Ta uku ta tafi ɗaya ɓangaren, kan kabet ko kan teburin da ke ƙarƙashin madubi, yadda idan kun ja layi tsakanin ukun za ku samu kusurwa uku, ba layi ɗaya a jikin bango guda ba. Kada ku damu idan tsakaninsu ya ɗan yi duhu. Wannan ɗan duhun shi ake nema, ido na son wurin hutawa.

Hular fitilar, wato marufin da ke zagaye ƙwan, ita ce rabin aikin. Ta yadi mai launin madara ko ruwan ƙasa tana barin haske ya ratsa ta ya yi taushi. Mai duhu ko ta ƙarfe tana tura shi sama da ƙasa kawai, gefe ya zauna babu komai, tana da kyau amma ba za ta haska fuska ba. Ta gilashi garai-garai ba ta da wani amfani a nan, domin tsirarar ƙwan tana nan tana kashe ido. Ƙa'idar da masu tsara ɗaki ke bi ita ce bakin hular na ƙasa ya yi daidai da idon wanda ke zaune, kimanin mita ɗaya ko ɗan sama da haka daga ƙasa.

Sai dai wannan ƙa'ida ta mai zaman kujera ce, mu kuwa rabin zamanmu a ƙasa yake. Hajiya ta zo, ta ƙi kujera, ta zauna kan darduma ta jingina da tum-tum, jikoki sun zagaye ta, an ajiye faranti a tsakiya. Idonta bai wuce santimita 70 ko 80 daga ƙasa ba, tana ɗaga kai za ta leƙa ƙarƙashin hular ta haɗu da ƙwan. Saboda haka ku zauna a ƙasa ku gwada kowace fitila kafin ku ce ta zauna. Maganin ɗayan uku ne: teburi gajere, ko hula mai zurfi wadda ƙwan ya shige can ciki, ko fitila mai siffar ƙwallo wadda ta rufe ƙwan ta ko'ina. Kuma ko yaushe ku zaɓi ƙwai mai farin marufi maras nuna ciki.

Ba dole sai fitilar kanti ba. Ƙwarya da aka huda wa ƙananan ramuka, ko kwandon kaba da aka kifa a kan holda, suna jefa zane mai kyau a bango, kuma a Kano kasuwar Kurmi cike take da su. Tela ko mai walda zai iya yi muku firam na waya a ja masa yadi. Sharaɗin shi ne LED kawai za a sa a ciki, mai wat 5 ko 6, a bar tazara tsakanin ƙwan da jikin kwandon, a bar kafa a sama don iska, domin gindin LED ma yana ɗaukar zafi. Guda ɗaya irin wannan ta isa falo, zanen inuwa idan ya yi yawa juya kai yake yi.

Fitilar bango, ga mai halin jan sabuwar waya, a kafa ta tsakanin santimita 150 da 170 daga ƙasa. Masu wayarin sun saba kai ta can kusa da silin, inda ba ta da bambanci da ta sama. Ku tsaya a kansu lokacin aikin. Ku zaɓi mai jefa haske sama da ƙasa a jikin bango, ba mai harbo shi cikin ɗaki ba.

Wanda ke karatu a falo ya samu tasa fitilar, mai wuya da ake lanƙwasawa, a gefen kafaɗarsa ta ɗan baya, ƙwai mai lumen 800. Hasken ya sauka kan takarda, sauran mutane su ci gaba da hirarsu.

Abu biyu na kiyayewa, don gidajenmu ba sa rabuwa da yara. Kada a bi da waya ƙarƙashin kafet, takawa na cinye rigarta a hankali ba wanda ya gani. A bi da ita gefen bango a manne. Doguwar fitila kuma ta kasance mai nauyin gindi, a tura ta bayan kujera inda mai rarrafe ba zai kama ta ya miƙe ba.

Mataki na biyar: silin

Wanda bai yi POP ba tukuna ya fi kowa sa'a, domin zai iya hana ɓarnar tun kafin ta faru. An saba huda ramuka a jere ko'ina, a cika su da ƙananan fitilu, a zagaye da igiyar fitila shuɗiya ko mai canza launi, a rataya shandaliya a tsakiya. Yana ɗaukar ido ranar da aka gama aiki. Zama a ƙarƙashinsa kullum wani abu ne daban.

Igiyar fitilar da ake ɓoyewa cikin lungun POP tana daga cikin mafi daɗin haske idan an yi ta daidai, domin ba a ganin ƙwayoyinta, silin take haskawa shi kuma ya maido da hasken a baje. Ta kasance 3000K ko 2700K, launi ɗaya. Mai ƙwayoyi 120 a kowace mita ta fi mai 60 ba da haske a shimfiɗe, ba ɗigo-ɗigo. A bar mata tazarar aƙalla santimita 10 zuwa 15 tsakaninta da saman silin, in ba haka ba za ta zana siririn layi mai kashe ido kawai. Mai wuta 12V ko 24V tana zuwa da ɗan akwatin da ke rage mata wuta, masu sana'ar na ce masa diraba, kuma yawanci shi ke fara mutuwa. Ku sa a ajiye shi inda hannu zai kai. Gidaje da yawa igiyarsu ta mutu tun shekarar farko, an haƙura, saboda gyaran sai an fasa POP.

Ƙananan fitilun ramuka kuma a matsar da su kusa da bango, tazarar kimanin rabin mita, su wanke bango da labule da haske. Kada su faɗo daidai kan kujera. Masu zurfi, waɗanda ƙwan ya shige ciki, sun fi masu faffaɗan fuska sauƙi a ido.

Sai fanka, wadda littattafan ƙasashen sanyi ba su damu da ita ba. Duk fitilar da ke saman fikafikan fanka, fikafikan za su riƙa sara haskenta, ɗaki ya yi ta ƙyafta-ƙyafta har kan mutum ya yi ciwo bai san dalili ba. A nisanta kowace fitilar silin da bakin fiffike da aƙalla rabin mita. Wanda aikin ya riga ya gama, ya cire ƙwan da ke wurin kawai.

Idan silin ɗinku na da ƙwai ɗaya ne tal a tsakiya, ku bar shi fari mai ƙarfi don shara da kitso, ku sa masa marufi, ku daina kunna shi da dare sai da dalili.

Talabijin ma na son kulawa kaɗan. Kallo cikin duhu ƙirin yana gajiyar da ido, fitilar da ke fuskantar gilashin kuma tana bayyana a cikinsa. 'Yar gajeriyar igiyar fitila mai shiga ramin USB na talabijin, a manna ta a bayanta tana haska bango, ta raba gardama.

Mataki na shida: makunnai

Duk tsarin nan banza ne idan makunni ɗaya ke kunna komai. Ku kira mai wayarin ya raba: babbar fitilar tsakiya daban, ƙananan ramuka daban, igiyar POP daban, na bango daban. Sau da yawa wayoyin suna nan a bayan makunnin ko cikin silin, canza shi zuwa mai baki uku ko huɗu ne kawai aikin. Wannan ba aikin gwaji ba ne ga wanda bai iya ba, wutar gida 230V ce, a kashe ta daga babban akwati kafin a taɓa.

Akwai makunnin da ake murɗawa haske ya ragu ko ya ƙaru. Yana da daɗi, amma sai an haɗa shi da ƙwan da aka rubuta wa "Dimmable", kuma shi kansa makunnin ya zama na LED. In ba haka ba ƙwan zai riƙa rawa, ko ƙara, ko ya mutu da wuri. Ragiletar fanka ba ta yin wannan aikin, kada wani ya ce zai haɗa muku. Ko da an haɗa daidai, ƙaramin janareta da inbata mai araha kan sa shi tsuwa. Shi ya sa a gidan da wuta ba ta tsayawa na fi son raba makunnai a kan wannan: kashe biyu a bar uku ma rage haske ne, kuma ba ya lalacewa.

Ƙwayayen da ake sarrafawa da waya suna ba da damar canza launi daga fari zuwa ja a ƙwai ɗaya. Aibinsu shi ne da yawansu idan aka ɗauke wuta aka maido, kunnuwa suke da cikakken ƙarfi, ko da ƙarfe biyun dare ne. Ku tambaya ko yana tuna yanayin da aka bar shi. Akwai kuma masu launi uku da ke canzawa duk lokacin da aka kashe aka kunna. Idan da yawa ne a layi ɗaya, watarana za su saɓa, wannan fari wancan ja.

Mataki na bakwai: idan an ɗauke wuta

Abin daɗin shi ne wannan tsarin ba ya cin wuta. Ƙwai biyar masu wat 6 wat 30 ne jimilla, awa biyar su sha wat-awa 150. Batir mai 12V da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200, ko rabinsa kaɗai aka yi amfani da shi don kada ya lalace, ya isa ya riƙe su dare da yawa. Don haka mai sola ko inbata ya tabbata soket ɗin fitilun ƙasa suna kan layinta. Akan manta da wannan, a sa fitilun silin kaɗai, sai ya zama da an ɗauke wuta an koma gidan jiya.

Wanda fitilar caji ce gatansa, kusan duk na kasuwa farare ne masu kashe ido. Kada a dasa ta a tsakiyar teburi tana kallon mutane. A juya fuskarta ga bango, ko a ɗora ta kan kabet tana kallon silin, idan fentin mai launin madara ne har ɗan ja zai ara mata. Igiyar fitila ta USB mai jan haske tana aiki da fawa-bankin waya, a zagaya ta bayan kabet ko bayan kujera. Kyandir kuwa, duk kyan haskensa, ba na ba da shawararsa a ɗakin da ke da labule, katifar kujera da yara. Gobarar hunturu ba ta sallama.

A kasuwa

Ku je da tsohon ƙwan ko hoton holdarku, domin gindin da aka fi samu iri biyu ne: mai fil biyu da ake dannawa a murɗa, B22, da mai zare da ake ɗaurawa, E27. Fitilun kan teburi da yawa ƙaramin zare suke ɗauka, E14. A shagunan kayan wuta, irin na France Road a Sabon Garin Kano, akwai allon gwaji mai holda a jere. Kada ku tsaya a "ya kawo." Ku sa tafin hannu ƙarƙashin hasken, ko gefen atamfa mai ja. Idan fata ta yi toka-toka, jan ya koma ruwan ƙasa, ku ajiye shi. Ma'aunin wannan ana rubuta shi CRI ko Ra a kwali: 80 ne mafi ƙaranci, 90 ya fi fito da launin fata da na abinci. Sannan ku buɗe kyamarar waya ku nuna ƙwan. Idan baƙaƙen layuka na gudu a fuskar wayar, ƙwan na ƙiftawa da saurin da ido ba ya kamawa, amma kai na ji.

Ku duba ko lissafin kwalin ya hau. LED na gida yana ba da kimanin lumen 80 zuwa 110 a kowane wat, wanda ya ce wat 5 ne kuma lumen 1,500, ƙarya yake yi. Mai rubutun 85 zuwa 265V ya fi jure hawa da saukar wutarmu. Ku auna nauyinsa a hannu, wanda ya yi sakayau yawanci babu ƙarfen da ke janye zafi a gindinsa, araha kuwa ba ta ado. Ku sayi duk na ɗaki ɗaya lokaci guda, kamfani ɗaya, da rarar biyu, domin 3000K na wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da na wancan ba.

Idan kuɗin ba zai kai duka a tashi ɗaya ba, ku fara da canza ƙwayayen da ke akwai, sai fitilar kusurwa, sai ta gefen kujera, raba makunnai ya biyo baya, silin ya zo ƙarshe. Masu zuwa jeren amarya ma su sa wannan a lissafi: ana cika falo da kaya har ba wurin taka ƙafa, a manta da fitila ko ɗaya, kuma kujerun kan toshe duk soket ɗin da ke bango. A jawo wayar tun kafin a jingina doguwar kujera.

Bayan an gama, ku sake duban bango da ƙasa. Fenti mai sheƙi da tayil mai ƙyalli suna maido da hoton kowane ƙwai, kafet a tsakiya da fenti maras sheƙi suna kashe wannan. Madubi ya fuskanci bangon da aka haska, kada ya fuskanci ƙwai. Da hunturu kuma ƙura na kwanciya a kan hula da cikin lungun POP ta cinye haske a hankali, har a fara zargin ƙwan ya tsufa. A kashe, a bari ya huce, a goge ƙwan da busasshen tsumma, hular yadi a kakkaɓe ta da burushi mai laushi, lungun POP kuma a bi shi da tsumma a kan sanda ko da sau ɗaya ne a wata.